Shekara Guda da Tsohuwar Land Rover: Yadda Ake Rayuwa da Mota Mai Miƙaƙƙen Aksul Tsakanin Garki da Dutse

Ranar da sitiyari ya nemi ƙwacewa daga hannuna, ina kan kwalta ne tsakanin Gujungu da Jahun. Inna na zaune a gefena, ƙanwata da jaririnta suna baya, za mu gidan suna. Akwai wani ɗan rami a gefen titi da bai fi faɗin faranti ba. Wata Golf da ke gabana ta bi ta kansa, ko gezau ba ta yi ba. Ni ina takawa da tayar dama sai gaban motar gaba ɗaya ya kama makyarkyata, sitiyari yana kaiwa hagu yana komowa dama da saurin da ido ba ya iya bi, murfin inji yana kaɗawa kamar kwanon rufi a iskar bazara. Inna ta kama salati. Na ɗaga ƙafa daga totur, na riƙe sitiyarin ba tare da na yi kokawa da shi ba, na bar motar ta rage gudu da kanta. Sai da muka dawo kamar gudun babur ɗin kauye sannan rawar ta ɗauke, ɗif, kamar ba a yi ba.

Da na tsaya a gefen hanya, Inna ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Kai yaron nan, tare mana motar haya." Na tare musu Sharon, ni kuma na bi bayansu a hankali. Wata huɗu ba ta sake taka ƙafarta cikin motar ba.

Na san a wannan shafi an fi sabawa da maganar waya, data da manhaja, kuma sana'ata ke nan, da rubuta manhaja nake cin abinci. Amma cikin duk na'urorin da na taɓa mallaka, babu wadda ta tilasta mini fahimtar yadda take aiki kamar wannan mota, kuma wayar da ke aljihuna ce ta taimaka mini na gano ciwonta.

Motar Kawu

Land Rover ce samfurin Series III, doguwar, wadda tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya inci 109 ce. Tsofaffinmu Landirofa suke ce mata. An ƙera wannan samfuri daga 1971 zuwa 1985, amma asalin zuriyar ya faro ne a 1948, lokacin da kamfanin Rover na Ingila ya fito da ta farko don manoma. A Najeriya motar hukuma ce: malaman gona, malaman dabbobi, ma'aikatan asibiti masu zagayen rigakafi, 'yan sanda, duk ita suke hawa. A ƙarshen shekarun 1970 har harhaɗa ta ake yi a masana'antar Leyland da ke Ibadan, kamar yadda ake harhaɗa Peugeot a Kaduna tun 1975.

Kawuna ya saye ta a gwanjon wata ma'aikata tun muna cikin tsohuwar jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. Ya yi jigilar gyaɗa da gero da ita shekara da shekaru, daga baya ta kwanta a gindin darbejiya a ƙofar gida, kaji suna ƙwai a ƙarƙashin kujera. Abin da ya cece ta shi ne jikinta na sanholo ne, ba ya tsatsa, ƙashin da ke ƙasa kuma na ƙarfe ne, sai dai busasshiyar iskar yankinmu ba ta cin ƙarfe kamar ta bakin teku.

Dalilin da na tashe ta ba sha'awar kayan tarihi ba ne. Na samu aikin haɗa wata manhaja da ke tattara bayanan manoman riɗi da zoɓo, kuma dole in riƙa shiga ƙauyuka ina gwada ta a inda babu sabis. Sau biyu a mako kuma ina zuwa Dutse. Kuɗin sayen mota babu, babur kuma ba ya ɗaukar kwamfuta da batir da mutum biyu cikin yashi. Kawu ya miƙo mini mukulli ya ce, "In ka iya tashinta, taka ce. Amma ka sani ba a yi mata gaggawa."

Wai mene ne miƙaƙƙen aksul?

Ku tuna amalanken shanu. Taya biyu ne, sandan ƙarfe guda ya haɗa su. Idan tayar hagu ta hau tudu, sandan ya karkata, tayar dama ma dole ta karkata. To haka gaban wannan mota yake, da bayanta ma. Bututun ƙarfe ne mai kauri ya ratsa daga taya zuwa taya, a jikinsa akwai wani ƙullutu kamar tulu inda haƙoran da ke raba wa tayoyi ƙarfin inji suke. An ɗaure bututun a jikin sifirin mai falle-falle irin na manyan motoci, sifirin ɗin kuma yana riƙe da ƙashin mota. Shi ke nan ƙafar.

Golf, Corolla, Sharon, da Hilux ta yanzu, duk ba haka gabansu yake ba. Kowace tayar gaba tana da nata hannuwa da nata sifirin, tana hawa tana sauka ba ruwanta da 'yar'uwarta. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan bambanci sarai. Akwai manhajar da aka rubuta dunƙule guda, in ka taɓa nan sai can ya motsa. Akwai wadda aka rarraba gida-gida, kowane sashe na harkarsa. Ta biyun ta fi daɗin aiki, amma sassanta sun fi yawa, kuma ranar da ta lalace sai ka nemi wanda ya san ta.

Yawancin motocin farko miƙaƙƙen aksul gare su, har da Ford Model T ta 1908. Lancia ta Italiya ta fito da Lambda mai rarrabben gaba a 1922, General Motors ta Amurka ta bi sahu a 1934, daga nan ƙananan motoci suka yi ta watsar da tsohon tsarin. Dalili uku ne manya. Na farko nauyi: aksul da tayoyi da birki duk suna ƙasan sifirin, wato babu abin da ke tausasa musu duka, kuma idan abu mai nauyi ya yi tsalle ba ya saurin komawa ƙasa. Na biyu, dole a ɗaga inji sama don aksul ya samu wurin motsi, sai motar ta yi tsayi, mota mai tsayi kuwa ta fi saurin kifewa a kwana. Na uku shi ne abin da ya same ni a hanyar Jahun, zan dawo kansa.

Amma tsarin bai mutu ba. Ku leƙa ƙarƙashin kowace tirela, tifa ko gingimari da ke lodi a kasuwar Gujungu ranar Lahadi ko Maigatari ranar Alhamis, miƙaƙƙen sanda za ku gani a gaba. Toyota Land Cruiser 70, wadda ta fito a 1984, har yau da shi ake ƙera ta. Haka Suzuki Jimny da Jeep Wrangler. Ita kanta Land Rover ta riƙe shi a Defender har zuwa Janairun 2016 da aka daina ƙera tsohuwar, sabuwar ce ta zo da rarrabbiyar ƙafa. Mercedes ma sai a 2018 ta cire shi daga gaban G-Class.

Inda take sarauta

Wanda bai taɓa barin kwalta a ƙasar Garki ba, ba zai gane me ya sa wani zai so wannan mota ba. Hanyoyin ƙauyukanmu yashi ne, kuma amalanke da tarakta sun haƙa layi biyu masu zurfi sun bar tudu a tsakiya. Ƙaramar mota tana shiga cikinta zai zauna a kan tudun, tayoyi su yi ta juyawa a banza. Mota mai rarrabbiyar ƙafa, idan ka yi mata lodi ko ta dira a rami, cikinta yakan sauko kusa da ƙasa. Mai miƙaƙƙen aksul kuwa, tazarar da ke tsakanin ƙullutun nan da ƙasa ba ta canzawa, ko buhu nawa ka ɗora, tunda taya ce ke ɗauke da shi kai tsaye. Da zarar ka san ta gefen da ƙullutun yake, ka san yadda za ka bi da tudu.

Sai kuma wurin tsallake zaizaya da damina. Idan tayar hagu ta hau gaɓa, aksul ya karkata, sai ya danna ta dama ƙasa, duka biyun su ci gaba da riƙe ƙasa. Abin da yake aibi a kan titi shi ne alheri a nan.

Kusa da giya akwai sanduna biyu, ɗaya mai jan kai, ɗaya mai ruwan ɗorawa. In ka danna mai ruwan ɗorawa, tayoyi huɗu sun kama aiki. In ka jawo mai jan kai baya, ka shiga ƙaramar giya, motar za ta riƙa tafiya kamar hawainiya amma da ƙarfin da za ta ja wata motar. Babu maɓalli, babu fitila a allo, da hannunka za ka ji ƙarfe ya shiga ƙarfe. Abu ɗaya da Kawu ya ja mini kunne a kai: kada a bar ta a taya huɗu a kan kwalta. Babu abin da ke daidaita juyin gaba da na baya a tsakiya, don haka a ƙasa mai tauri ƙarfunan sai su yi ta murɗewa har wani abu ya karye.

A cikin yashi mai zurfi nakan rage iskar taya, sai ta baje ta daina nutsewa. Wannan ya sa ƙaramin famfon iska mai aiki da batirin mota ya zama na'urar da na fi amfana da ita a bara, har ya fi fawabank.

Inda take wahalar da mai ita

Kan kwalta labari ya sha bamban. Injin fetur ne mai silinda huɗu, girmansa 2,286 cc, ƙarfin doki wajen 70, yana jan motar da ta kai tan ɗaya da rabi, ga ta da siffar akwati. Dokar hanya ta ba ƙaramar mota kilomita 80 a awa a babban titin da ba tagwaye ba. Ni ko dokar ba ta hana ni ba, motar ta hana ni. Daga 70 zuwa sama ba ka jin maganar na kusa da kai. Kiran waya kuwa sai dai ka tsaya. Tafiyar Dutse da direban haya ke yi a guje, ni sai na ƙara kusan rabin lokacinsa a kai, kuma duk mai Sharon da ya wuce ni sai ya leƙo ya ga wane tsoho ne, ya tarar da yaro.

Sitiyarin ba mai mai ba ne, ƙarfin damtse ne. Idan motar na tafiya ba laifi, amma juya ta a tsaye a layin banki a Dutse aikin gumi ne. Kwana kuma tana cin fili, tunda tayoyin gaba ba sa lanƙwasa sosai, doguwar tana buƙatar fili fiye da mita 14 kafin ta zagayo. Inda mai Corolla zai juya sau ɗaya, ni sai na yi gaba na yi baya sau uku, masu adaidaita suna ta oda.

Sannan ba ta tafiya a miƙe da kanta. Kullum hannunka na ɗan gyara mata hanya, kaɗan hagu, kaɗan dama. Makon farko na ɗauka lalacewa ce. Wani ɓangare lalacewar ce kuwa, amma wani ɓangaren halinta ne: tsakanin sitiyari da taya akwai akwatin sitiyari, da wata mahaɗa da ke cikin ƙashin mota, da sanduna uku masu gaɓoɓi shida. Kowace gaɓa ta saki kaɗan, in aka tara sai ya zama da yawa.

Birki na ganga ne a duka tayoyi huɗu, irin wanda ake ɗaure shi da sifana lokaci-lokaci. Yana kamawa, amma yana son a ba shi labari da wuri. In ka ratsa ruwa kuma sai ka ɗan taka shi ya bushe kafin ka yarda da shi. Babu ABS, babu jakar iska, kuma ba a ƙera gabanta don ya lotse ya shanye karo kamar motocin yanzu ba. Mutane kan bugi jikinta su ce, "Wannan ai ko tirela ta kara da ita ba abin da zai same ta." Wataƙila motar ta tsira, amma dukan da ƙarfe bai shanye ba jikin mutum ne zai shanye shi. Abu na farko da na kashe wa kuɗi bayan ta tashi shi ne bel na kujera.

Zafi kuwa, a watan Afrilu, na'urar sanyaya ta ita ce wasu 'yan tagogi biyu a ƙasan gilashin gaba da ake buɗewa da hannu. Suna shigo da iska, suna shigo da ƙura, wani lokaci har da fara.

Sai mai. A lissafina lita ɗaya tana kai ni kilomita shida zuwa bakwai a kan titi, a yashi kuma ƙasa da haka. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai watan da kuɗin man da na sha ya ninka kuɗin data da na caji da na abincin rana in an haɗa.

Yadda waya ta gano ciwon

Bayan abin da ya faru a hanyar Jahun, na fara da abin da na saba: bincike a intanet. Ashe abin sananne ne, masu Jeep a Amurka har suna gare shi mai ban tsoro, wai rawar ajali. Bayaninsa shi ne, taya mai juyawa da gudu idan aka karkatar da ita, sai ta nemi juya kai gefe. Ku cire tayar keke ku riƙe ta a hannu biyu, wani ya juya ta, sannan ku gwada karkatar da ita, za ku ji tana fizgar ku. A mota mai miƙaƙƙen aksul, rami yana karkatar da aksul, tayoyin biyu su fizgi sitiyari lokaci guda, fizgar ta sake girgiza aksul, abin ya yi ta ciyar da kansa. Kamar ka kai makirfo kusa da lasifika ne. Idan gaɓoɓin ƙafa a ɗaure suke, rawar takan mutu nan take. Idan sun saki, sai ta samu wurin girma.

Wani matashin makanike ya ce in kawo kuɗi ya sa mini shokazoba ta sitiyari, magana ta ƙare. Na ƙi, don na san irin wannan gyara a sana'ata: kuskure na fitowa a allo, sai ka rubuta layin da zai ɓoye saƙon. Matsalar tana nan, ka dai daina ganinta.

Akwai wata manhaja kyauta mai suna phyphox, jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ce ta yi ta, tana kan Android da iPhone. Tana amfani da na'urar jin motsi da ke cikin kowace waya, wadda ke juya allo in ka kwantar da wayar, ta nuna maka sau nawa abu ke girgiza a cikin sakan ɗaya. Na ɗaure tsohuwar wayata da salatif a ƙasan mota kusa da giya, na sa wata wayar tana nuna gudu ta GPS tunda allurar maleji ta daɗe da daina faɗin gaskiya, abokina na riƙe da ita. Muka fita da sassafe inda babu motoci. Ban nemi tayar da babbar rawar ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya nema. Ƙaramar karkarwar da na daɗe ina ji a tafin hannu daga wajen kilomita 65 nake son aunawa.

Da muka dawo na duba zanen, ga wani tsini ya fito ƙarara a wajen girgiza takwas a sakan, daidai lokacin da muke kan 70. Sai na yi lissafi. Tayar motar 7.50-16 ce, tsayinta wajen santimita 80, kewayenta kusan mita biyu da rabi. Kilomita 70 a awa kusan mita 19 da rabi ne a sakan. In ka raba, taya na juyawa kusan sau takwas a sakan. Ke nan girgizar tana zuwa sau ɗaya a kowane juyin taya. Ba inji ba ne, ba farfela ba ce, don su sun fi haka saurin juyawa. Akwai tayar da gefe ɗaya ya fi nauyi, tana bugun ƙafar motar a kai a kai.

Na ɗauki wannan sakamako cike da alfahari na kai wa wani dattijon makanike a Ringim, wanda ya yi aikin irin waɗannan motoci tun suna hannun hukuma. Na buɗe kwamfuta ina nuna masa zane. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To madalla, ɗana. Kawo jak."

Ya ɗaga gaban motar, ya kama tayar dama sama da ƙasa ya jijjiga, muka ji ƙwas-ƙwas. Ya kama ta hagu da dama ya sake jijjigawa. Ya sa ni na shiga ina motsa sitiyari kaɗan-kaɗan, shi kuma ya kwanta a ƙasa ya ɗora yatsa a kan kowace gaɓa. Cikin minti goma ya lissafa: gaɓoɓi uku cikin shida sun mutu, boris ɗin tayar dama ya saki, mahaɗar da ke cikin ƙashi ta bushe ba ɗigon mai, robobin sifirin sun cinye, ƙusoshin da ke ɗaure aksul da sifirin suna neman ƙari. Da ya juya tayar dama kuma sai ga wani ƙaton gashi da mai faci ya yi mata a ciki tun zamanin Kawu. Ga nauyin da wayata ta ji.

Na ce, "Baba, ashe wayar ta yi gaskiya." Ya ce, "Ta yi gaskiya. Ta faɗa maka wanda ke bugun ƙofa. Ba ta faɗa maka ƙofar ba sakata ba."

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya ɗaure ƙwallayen da tayoyin gaba ke juyawa a kansu. A ƙarshen aksul ta kowane gefe akwai wata ƙatuwar ƙwallon ƙarfe mai sheƙi, cike da mai, taya na lanƙwasa a kanta. Dole taurin juyawarta ya zama daidai: in ya yi sako-sako rawa ta samu, in ya yi tauri sitiyari ya ƙi dawowa. Ana daidaita shi da wasu siraran faranti, a cire ɗaya ko a ƙara ɗaya. Ma'auninsa kuwa sikelin rataye ne, irin na masu sayar da kaji. Ya maƙala ƙugiyar a hannun sitiyarin taya ya ja, ya duba, ya cire faranti ɗaya, ya sake ja. Littafin gyaran motar da na sauke a waya, da na duba, haka ya ce a yi.

Laifin duk nawa ne. Wata takwas ina jin karkarwar nan, ina jin sitiyari na ƙara sakin jiki, ina cewa ai tsohuwar mota ce. Kayan gyaran sai da na je Ƙofar Ruwa a Kano, wasu sababbi, wasu na hannu, biyu kuma sai da aka yi mini odarsu na jira mako uku. Wannan shi ne gefe mai daɗi: motar da ta haura shekara arba'in, har yau ana ƙera kayanta, kuma babu abin da ke jikinta da yake buƙatar kwamfutar kamfani kafin ya yarda ya yi aiki.

Na'urorin da suka yi amfani da waɗanda ba su yi ba

Ɗan abin nan na Bluetooth da ake soka wa mota a karanta ciwonta a waya, kada ku ɓata kuɗinku. Yana buƙatar kafar OBD-II, wadda sai a 1996 ta zama dole a Amurka, wannan mota kuwa ba ta da ƙwaƙwalwa ko ɗaya da za a tambaya. Cajar USB na ja mata waya daga batir na sa fis a tsakani, na zaɓi mai nuna ƙarfin batir a jikinta, don ita ce ke fara gaya mini in caji ya daina shiga.

Mariƙin waya mai manne wa gilashi bai kwana biyu ba ya faɗo. Na koma mai ɗaurewa da ƙusa. Ko shi ma tsohuwar waya nake sa wa, babbar tana aljihu. A 2021 Apple ya fitar da gargaɗi cewa girgizar manyan babura na iya lalata na'urar da ke hana hoton kyamara rawa. Maganar babur suka yi, amma wanda ya bi hanyar burji mai gargada a kan sifirin mai falle zai gane me ya sa na ɗauki gargaɗin kamar da ni ake. Kwamfuta kuma a jaka mai soso take tafiya, a kan kujera, ba a ƙasa ba.

Na kuma rubuta wa kaina wata 'yar manhaja da ba ta buƙatar intanet. Tana ƙirga kilomita ta GPS, ta tuna mini lokacin duba mai. Wuraren mai a motar nan suna da yawa: inji, giya, akwatin ƙaramar giya, aksul biyu, ƙwallaye biyu, akwatin sitiyari da mahaɗa. Kuma kusan dukkansu suna ɗan yoyo. Kawu ya ce ranar da ka ga ba ta ɗiga ba, to ya ƙare ne.

In kana tunanin tayar da taku

Na san akwai irinta kwance a gidaje da dama daga Gumel zuwa Haɗeja. In zirga-zirgarka duk a kwalta ce, Dutse zuwa Kano da dawowa, ka bar ta inda take ko ka mai da ita motar ranar hutu. Tsohuwar Golf ta fi ta sauri, ta fi ta tsimin mai, ta fi ta birki, kuma ta fi ta kare ranka in an yi karo. In kuma rabin tafiyarka yashi ne da gona, kana da haƙurin kwanciya a ƙarƙashin mota duk mako, kana da makaniken da ya san ta a kusa, to za ta kai ka inda sai dai tarakta. Ka fara da ƙafa da birki da taya kafin fenti da lasifika. Ni na yi akasin haka, na sa mata rediyo mai Bluetooth tun kafin in taɓa leƙa ƙarƙashinta.

Yanzu na raba tafiyar. Ranar da aikin Dutse kawai gare ni, nakan bar ta a gida in hau haya in yi barcina. Ranar ƙauye kuwa, ko ranar da zan haɗa biyun, ita ce. Na sa wa wayar ƙararrawa tana ƙara in na wuce 65. Duk Asabar da safe ina ɗaga gabanta in jijjiga tayoyi yadda Baba ya nuna mini, yaran unguwa suna tsugune suna kallo, har ɗaya ya iya gane ƙarar boris.

Bayan kaka aka yi rasuwa a ƙauyen su Inna, inda mota ba ta shiga sai babur, ita kuma gwiwarta ba ta son babur. Da asuba na ji tana tambayar ƙanwata ko na gyara "akwalar nan". Na ce an gyara, na fara yi mata bayanin gaɓoɓi da sikeli. Ta ɗaga hannu ta ce in bar shi haka. Ta zagaya ta buɗe ƙofar da kanta, ta yi bisimilla ta hau, ta jawo bel ɗin ta miƙo mini bakinsa in maƙala mata.